Yadda za ki gano ko tallafi ya gamsar da mata da 'yan mata

A shekarun da na yi ina zagaya sansanonin 'yan gudun hijira a Maiduguri, waya a hannu, ina cike tambayoyi a manhajar KoboToolbox, amsar da na fi ji ita ce "Alhamdu lillahi, mun gode." In kika rubuta wannan a gurbin gamsuwa, rahotonki zai yi kyau, amma ba ki auna komai ba. Matar da ta baro Bama ko Dikwa da zanin jikinta kaɗai ba za ta dubi wanda ya ba ta shinkafa ta ce bai kyauta ba. Akwai kawaici, akwai kuma tsoron kada a soke sunanta daga cikin masu karɓa. Don haka, 'yar'uwa, ga yadda nake bi.

Ki fara da mai tambayar. Ta zama mace, kuma ba cikin waɗanda suka yi rabon ba. Ta iya harshen matan. An ɗauka kowa na jin Hausa a Borno, amma tsohuwar da ta tashi a ƙauyen Monguno da Kanuri take tunani, wata da Larabcin Shuwa, mutanen Gwoza kuma da nasu harsunan. Hausar da za ta saya gishiri da ita ba ta isa ta faɗi abin da ke damunta ba. Kafin tambayar farko ki gaya wa matar da za a yi wa tambayoyin a sarari cewa ba a rubuta suna, amsarta ba za ta ƙara ko rage mata rabo ba, kuma tana iya cewa ba ta so. Yarinyar da ba ta kai 18 ba, a nemi yardar mai kula da ita, a nemi tata ita ma.

Kada ki je ranar rabo. Ki bari a yi kamar mako biyu, sannan ki je da hantsi, bayan an ɗebo ruwa, kafin a ɗora sanwa. Ki nemi wurin da aka keɓe wa mata, inda babu bulama, wato mai unguwa, babu miji a bakin ƙofa. Sannan ki raba su. Budurwa ba za ta yi zancen al'ada a gaban uwarta ba, amarya ba ta buɗe baki gaban uwar miji, kishiyoyi kuwa kowace tana auna maganarta. Zawarawa da masu riƙon marayu su zauna daban. Masu naƙasa da tsofaffin da ba sa iya fitowa, ke za ki bi su har tanti, domin su ne aka fi mantawa.

Tambayar "kin gamsu?" na daina yin ta. Ina tambayar abin da ya faru. Ƙarfe nawa kika shiga layi, yaushe kika fita, wa ya riƙe miki goyo? A cikin kayan da aka ba ki, me kika sayar, don ki sayi me? Wannan tambayar ta fi kowace faɗa mini gaskiya. Idan mata da yawa suna sayar da wani ɓangare na hatsi don kuɗin niƙa, itace da kayan miya, to tallafin bai cika ba, komai yawan godiyarsu. Katin karɓar kuɗi kuma a hannun wa yake? In sunan maigida ke kai, kuma matansa biyu ko uku ne, ki tambayi kowace a keɓe nawa ya iso hannunta. Ga 'yan mata, ki tambaya ko suna zuwa bayi da dare, ko ƙofar na da sakata, ko akwai fitila a hanya. Audugar mata da aka raba, sun yi amfani da ita? In wadda ake wankewa ce, ina suke shanya ta ba tare da maza sun gani ba?

Wajen ba da maki, na ga zaɓin ɗaya zuwa biyar yana rikita wadda ba ta saba da shi ba. Na fi son wake. Ki ajiye kayan a tabarma, sabulu, zani, bokiti, tocila, ki ba ta ƙwayar wake 10, ki ce ta raba su gwargwadon amfanin da kowane ya yi mata. Sai ki tambayi dalilin wanda ta bari babu ko ɗaya.

Batun masu neman mata kafin su ba su tallafi, kada ki tambayi mace a cikin taro ko an yi mata. Ki tambaya ko ta san inda ake kai ƙara, kuma ko za ta yarda ta kai. Kada ki buɗe wannan babin sai kina da wurin da za ki tura ta a ranar.

Ki nemi matan da ba su samu komai ba su ma, domin jin ta bakin masu karɓa kaɗai rabin labari ne. A wajen lissafi, ki ware amsoshin 'yan mata da na manya. In aka cakuɗa, muryar ƙanana ɓacewa take yi.

Ƙa'idar aikin jin ƙai ta duniya da aka fitar a 2014, mai alkawura 9, ta ce a saurari koke kuma a yi aiki da shi. Saboda haka nake ware ranar komawa tun kafin in fara. Ina zama a tabarmar da muka zauna, in karanta musu abin da suka faɗa, in ce an sa sakata a bayi, an raba layin masu ciki, batun itace kuwa ba a samu kuɗinsa ba tukuna, zan sake kai shi ofis.