Yadda Ake Tara Bajo da Alamomin Muƙami na Soja da 'Yan Sandan Najeriya, da Yadda Ake Gane Su

Mai son wannan harka ya fara da sanin doka kafin ya sayi ko da maɓalli ɗaya. A Najeriya laifi ne farar hula ya sa kakin soja ko na ɗan sanda, ko ya riƙe alamarsu don a ɗauka shi ma'aikaci ne, kuma dokokin hukunta laifuka na Arewa da na Kudu duk sun tanadi hukunci a kai. A halin tsaron da ake ciki, wanda aka tare a shingen bincike da sabon kaki ko anini a jaka zai sha tambaya kafin a saurari bayaninsa. Don haka ka tsaya kan kayan da aka daina amfani da su: na zamanin Turawa, na yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da na farkon 'yancin kai. Alamomin yau ka san su da ido, ka bar su a kafaɗar masu su. Abin da ka tara kuma ya zauna a gida da takardar bayaninsa, ba a sawa a jiki ko don ɗaukar hoto.

Sanin zamani

Ba a gane bajo sai an san sunan da rundunar take amsawa a kowane lokaci, domin sunan ne ake bugawa a jikin ƙarfen. Tushen sojan Najeriya ƙaramar runduna ce da wani Bature mai suna Glover ya kafa a Legas a 1863 da Hausawa. A 1897 Lugga ya fara haɗa rundunar Afirka ta Yamma da ake taƙaita sunanta WAFF, wadda daga baya ta ƙunshi sojojin Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya. Rundunar Arewa da ta Kudu sun zama ɗaya a 1914. A 1928 aka ƙara wa WAFF harafin R a gaba, mai nufin Royal, wato ta sarki, ta koma RWAFF. Wannan harafi ɗaya shi ne ma'aunin farko: bajo mai bishiyar kwakwar manja da rubutun WAFF a ƙasa na kafin 1928 ne, mai RWAFF kuwa daga 1928 ne zuwa 1960 da aka rushe rundunar. A 1956, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Najeriya, an sauya wa ɓangaren Najeriya na rundunar suna zuwa Queen's Own Nigeria Regiment. Da ƙasar ta zama jamhuriya a 1963 sai kambin sarautar Ingila ya fita daga kayan soja, mikiya ta hau gurbinsa.

Kambin ma yana faɗin shekaru. Daga 1902 zuwa 1953 kambin sarki ake bugawa, wanda samansa ya tashi a dunƙule. Daga 1953 aka koma na sarauniya, wanda kafaɗunsa biyu suka ɗaga, tsakiyarsa ta lotsa a ƙarƙashin ƙwallon da ke bisa. Duk maɓalli ko alamar muƙami ta Najeriya mai kambin sarauniya, shekarunta ba su wuce tsakanin 1953 da 1963 ba. Wannan tazarar gajera ce, shi ya sa irin waɗannan kayan ba su da yawa.

Kakin faretin RWAFF sananne ne a tsofaffin hotuna: jar dara mai bajon kwakwa, gajeriyar jar riga mai bakin rawaya a kan kaki, jar ɗamara, da gajeren wando. Wanda aka kawo wa jar dara aka ce ta soja ce, ya duba gabanta ko akwai hujin da ƙafafun bajo suka bari, domin dara ta cika kasuwa a wancan zamani, ba soja kaɗai ke sawa ba.

Juya shi ka ga baya

Mai yin jabu fuska yake gyarawa, ba ya ɓata lokaci a kan baya. Kayan aikinka huɗu ne: gilashin ƙara girma mai ninki goma, ƙaramin maganaɗisu, ma'aunin milimita, da tocilan mai shuɗin hasken nan da ake duba takardar kuɗi da shi.

Yawancin bajon da aka yi a Ingila bugun inji ne. An matse fallen tagulla tsakanin ƙarafa biyu, don haka duk zanen da ke gaba za ka gan shi a baya a lotse, ganyen kwakwa ɗaya bayan ɗaya, haruffa a juye, gefen kuma a yanke tsaf. Na zubi daban yake: bayansa a cike ko a dagule, da ƙananan ramuka inda iska ta maƙale, haruffa sun yi dishi-dishi, gefe da sawun zarto. Idan an kwafe shi daga bajo na asali, zai ɗan fi na asalin ƙanƙanta, saboda ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Nan ne ma'aunin milimita yake da amfani, in kana da wani tabbatacce da za ka gwada su.

Sai dai kada a yi saurin jefar da na zubi. A lokacin yaƙin duniya na biyu maƙera a Indiya da wasu wurare sun zuba bajo da yawa a yashi don sojojin da ke nesa da Ingila, kuma an sa su a bakin daga. Abin da zai raba tsohon zubi da sabo shi ne cin jiki. Bajon da soja ya shekara yana gogewa, wuraren da suka fi tudu ne suke siɗewa, ragowar man gogewa kuma yana daskarewa fari ko kore a cikin lunguna. Sabon da aka tsufar da gangan launinsa ɗaya ne ko'ina, har cikin ramuka, wani lokaci ma da warin sinadari.

Duba abin maƙalawa. Ko dai ƙafafu biyu masu zobe da ake zura tsinken ƙarfe a ciki, ko harshe guda mai faɗi da ake cusawa a hula. Ƙafafun asali galibi na jan ƙarfe ne, an liƙa su da tsabta. In ka ga dunƙulen dalma mai toka-toka a gindinsu, gyara aka yi daga baya ko kuwa aikin jabu ne. Maganaɗisu ba ya kama tagulla. In ya kama jikin bajon, ƙarfe ne aka shafe da ruwan tagulla. Bajo marar nauyi mai ƙyalli wanda ba ya dusashewa alminiyam ne, kuma irinsa bai shigo kayan sojan Birtaniya ba sai a shekarun 1950, don haka ba zai zama na yaƙin Bama ba, wato wanda aka yi a ƙasar Burma lokacin yaƙin duniya na biyu, ko me mai sayarwa ya ce.

Bayan maɓalli yakan ɗauki sunan kamfanin da ya yi shi, irin su Gaunt, Firmin ko Dowler. Manyan maɓallan gaban riga suna kai milimita 25, na aljihu kusan 19, na hula kusan 14. Riga ko bel da gwamnatin Birtaniya ta raba yakan zo da hatimin kibiya mai layi uku, sau da yawa tare da shekarar da aka yi shi.

Alamomin yadi da lambobin yabo

A gidajen 'yan mazan jiya an fi samun kayan yaƙin Bama. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma suka je can. Ta 81 alamarta baƙin gizo-gizo a kan rawaya. Ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye tare da gammo, saboda 'yan dakon da suka riƙa ɗaukar kayan yaƙi a ka cikin dazukan Arakan inda mota ba ta shiga. Ana samun waɗannan alamomi a buge da fenti a kan auduga, ana kuma samun na saƙa. Haska su da shuɗin tocilan a ɗaki mai duhu. Tsohon zaren auduga ko ulu ba ya walƙiya, farin zaren zamani kuwa yana haskawa garau. A lura, tsohon yadin da aka wanke da omo shi ma zai haska, saboda haka wannan gwaji shi kaɗai ba ya yanke hukunci. In akwai silin zare da ya zaro da kansa, kai shi kusa da wuta: auduga takan zama toka, ulu yakan yi ƙaurin gashi, zaren roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

Lambar yabon Bama tauraro ne mai tsini shida na tagulla, ƙyallensa ja a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe biyu da siririn layi ruwan lemo a cikin shuɗin. Lambobin yaƙin duniya na biyu galibi ba a rubuta sunan mai su, don haka littafin sallama ko katin fansho ne kaɗai ke haɗa lamba da mutum. Na yaƙin farko, wanda sojojin Najeriya suka yi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916 sannan a Afirka ta Gabas, an buga musu lambar soja, muƙami, suna da runduna a gefe ko a baya. Duba haruffan da gilashi. In gefen ya fi siranta a daidai wurin sunan, an kankare na asali an sake wani. Akwai kuma lambar Africa General Service mai ɗan ƙarfe a kan ƙyalle da aka rubuta N. Nigeria 1903, ta yaƙin cin Kano da Sakkwato, da N. Nigeria 1906, shekarar yaƙin Satiru da ke kusa da Sakkwato. Wanda ya riƙe irin wannan ya san cewa abin da ke hannunsa shaida ce ta yaƙin da aka yi da kakanninmu, ya rubuta hakan a bayaninta ba tare da kwaskwarima ba.

Lambar sojan Najeriya a yaƙi na biyu tana farawa da NA, ta Gana da GC. Da wannan lamba ana iya neman wanda bai dawo ba a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth.

Karanta muƙami

A soja, igiya ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saje, uku da mikiya a sama sitaf saje. Hafsoshi a kafaɗa suke ɗauka: anini ɗaya laftanar na biyu, biyu laftanar, uku kyaftin. Manjo mikiya ce ita kaɗai, a tsohon kaki kuwa kambi. Mikiya da anini ɗaya laftanar kanar, da biyu kanar, da uku birgediya janar. Daga manjo janar takobi da sanda a gicciye suke shigowa ƙarƙashin mikiya. Tambarin rundunar kansa mikiya ce bisa tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai cewa nasara daga Allah take.

Rundunar 'yan sandan Najeriya ta 1930 ce, lokacin da aka haɗe ta Arewa da ta Kudu. Bajonta giwa ce a ƙasa, sanduna biyu a gicciye, mikiya a sama. Kofur igiya biyu, saje uku, sufeto kuwa ƙananan sandunan ƙarfe a kwance a kafaɗa. Muƙaman hafsoshi da ke sama da sufeto da taƙaitattun sunayensu na Turanci ake kiran su: ASP anini ɗaya ko biyu, DSP uku, SP tambarin Najeriya, CSP tambari da anini. Daga ACP sanduna biyu a gicciye cikin zoben ganye suke farawa. Inda sababbi ke kuskure shi ne anini uku, domin kyaftin da DSP duk suna ɗaukarsa, sai launin yadin kafaɗa da maɓallin da ke kai su raba gardama.

Kayan 'yan doka na En'e, waɗanda aka shigar cikin rundunar tarayya daga ƙarshen shekarun 1960, su ne mafi wuyar samu kuma mafi cancantar a adana. Kowace En'e da nata tsarin, ba a kuma yi su da yawa ba. In aka samu bel, usur ko farantin lamba na ɗan doka, a tambayi dattawan gidan garin da ya yi aiki da sarkin da ya yi wa, a rubuta nan take.

Tsaftacewa da ajiya

Kada a goge da Brasso, toka, lemon tsami ko yashi. Suna cinye zanen, suna kuma kwashe duhun tsufan da ake gane asali da shi. Burushin haƙori mai laushi ya isa ya fitar da ƙura. In datti ya kafe, ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu, a ɗauraye, a shanya har ya bushe sarai. Koren da ya kwanta sumul a bar shi. Wanda ya fito gari-gari mai haske yana cin ƙarfen ne: a ware wannan bajon daga sauran, a kankare garin da tsinken sakace, a ajiye shi inda babu danshi. Ƙyallen lambar yabo ko ya koɗe ba a wankewa, ba a kuma sauya shi a yar da tsohon.

Damina ce ke ɓata ƙarfe, asu da gara kuma su ke cin ulu. Sa kowane bajo a ƙunshinsa daban cikin akwati mai murfi, tare da ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi irin na kwalin takalmi, a sauya su duk damina. Robar ɗaure kuɗi tana baƙanta azurfa, jarida tana rina yadi, leda mai laushi mai wari tana sa tagulla kore, duk a nisance su. Rigar ulu da ake zargin asu ya shiga, a ƙulle ta a leda a sa a firiza mako biyu, in har wuta za ta tsaya, a bar ta ta huce a cikin ledar kafin a buɗe. Riga mai nauyi a kwance ake ajiye ta, ba a rataye a ƙusa ba, kuma nesa da rana.

Kowane abu ya samu lamba a littafi: inda aka same shi, ranar, girmansa, abin da aka rubuta a baya, da hoton gaba da baya. Kayan mutum ɗaya, wato lambobin yabo, littafin sallama, hoto da bajo, ba a raba su, ko da wani ya taya guda da tsada. Kafin a fitar da tsohon abu zuwa ƙasar waje kuma, a nemi izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, domin dokar kayan tarihi tana iya hawa kansa.