Yadda ake kwana a tanti a gandun Writing-on-Stone na Kanada

Gandun yana kudancin lardin Alberta, a bakin kogin Milk River, kimanin kilomita 100 kudu maso gabas da birnin Lethbridge, dab da iyakar Amurka. Al'ummar Blackfoot, masu ƙasar tun asali, suna kiransa Áísínai'pi, kuma wuri ne mai tsarki a wurinsu har yau. Ya shahara da tsoffin zane-zanen da mutanen asali suka sassaƙa a jikin duwatsunsa. An mayar da shi gandun lardi a 1957, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2019.

Da farko, kama wurin kwana tun da wuri a shafin intanet na Alberta Parks, hukumar da ke kula da gandayen lardin. Ana buɗe rajista kwana 90 kafin ranar zuwa, kuma ranakun ƙarshen mako a Yuli da Agusta ba sa daɗewa. A lokacin kuma ka nemi tikitin zagaye da ɗan jagora. Kada ka yi wasa da wannan, domin mafi yawan zanen yana cikin keɓaɓɓen yanki da ba a shiga sai da ma'aikacin gandun. Wanda ya zo ba tikiti, kaɗan zai gani.

Na biyu, guzuri. Sai da mota ake zuwa. Sayi abincinka a Lethbridge, musamman in naman halal kake so, ka cika tanki. Ɗauki ruwa da yawa, malafa, takalmi mai rufe idon sawu, da bargo, don rana tana ƙuna sosai a kwarin amma dare yakan yi sanyi. Duba ko an hana hura wuta. In an hana, ƙaramin risho na gas zai fisshe ka. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, saboda haka ka sauke jadawalin salla a waya tun kana gari.

Da ka isa, kafa tanti a lambar da aka ba ka, ƙarƙashin bishiyoyin bakin kogi. Buga turaku da kyau, iskar wurin ba ta da wasa. Abinci ya kwana a mota.

Da sassafe ka kama hanyar Hoodoo, wadda ta ɗan haura kilomita 2. Tana ratsa ginshiƙan dutse da ruwa da iska suka sassaƙe, wasu kamar suri mai hula. Can gaba akwai zanen da ake kira Battle Scene: dawakai, tantuna, bindigogi, har da ɗigo-ɗigon da ke nuna tafiyar harsashi. Tsaya ka ba idonka lokaci. Sassaƙar ba ta da zurfi, da tsakar rana sai ta ɓace cikin launin dutsen, amma hasken safe ko na yamma da ke zuwa a karkace yana fito da ita. Doki bai iso wannan yanki ba sai a ƙarni na 18, don haka duk zanen da ke da doki na baya-bayan nan ne. Mayaƙan da ke tsaye bayan manyan garkuwoyi masu da'ira galibi sun girme su.

Kada ka taɓa. Dutsen na yashi ne, mai laushi, maiƙon hannu ma yana cinye shi. Sunayen da baƙi suka kankara shekaru da dama suna nan kusa da tsohon zanen, abin takaici. Yanzu doka tana hukunta hakan da tara mai nauyi. In ka ga taba ko ƙyalle an ajiye a gindin dutse, hadayar mutanen Blackfoot ce, bar ta inda take.

Akwai macizai masu ƙararrawa a wutsiya. Bi hanya kawai, kada ka zura hannu cikin kogon da ba ka gani, kuma ka riƙe yara kusa. In ka ji kaɗawar, tsaya cak, gano inda yake, ja da baya a hankali. Kashe su laifi ne a gandun.

Kafin ka shiga kogi, tambayi ma'aikata yanayin ruwan ranar. Ranar tafiya ka kashe wuta da ruwa har tokar ta huce, ka kwashe shararka.