Yadda Mai Ba Ɗalibai Shawara Kan Shiga Jami'o'in Amurka Zai Samu Takardar Shaida da Ƙarin Horo

Duk wanda yake son ya riƙi aikin ba ɗalibai shawara kan neman gurbin karatu a jami'o'in Amurka a matsayin sana'a, abu na farko da ya kamata ya sani shi ne babu wata takarda guda da take tabbatar da cancantarsa a ko'ina. Takardun iri uku ne, mutane kuma suna yawan cakuɗa su: akwai lasisin da gwamnatin jiha take bayarwa, akwai takardar kammala kwas daga jami'a, sannan akwai shaidar da ƙungiyoyin masu sana'ar suke bayarwa. Wurin da mutum yake aiki da irin ɗaliban da suke zuwa wurinsa su ne za su nuna masa wadda zai nema.

Lasisin jiha na waɗanda za su yi aiki a makarantun gwamnati ne a cikin Amurka. Kowace jiha da ƙa'idarta, amma galibinsu suna neman digiri na biyu a fannin ba da shawara a makarantu, tare da koyon aiki a ƙarƙashin kulawar gwani. Sai dai darussan wannan digiri sun fi karkata ga tarbiyya da lafiyar tunanin yara, shi ya sa mutum zai iya kammalawa bai taɓa zama ya nazarci yadda jami'a take tace masu neman shiga ba. Ƙungiyar masu ba da shawara a makarantun Amurka, wato ASCA, tana ganin bai kamata mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ɗalibai fiye da 250 ba, amma a jihohi da dama adadin ya zarce haka. Malamin da yake Kano ko Abuja ko Yamai ba shi da abin yi da wannan lasisi.

Abin da ya fi dacewa da shi, shi ne takardar kammala kwas. Sassan karatun manya na wasu rassan Jami'ar Kalifoniya, musamman na Los Angeles (UCLA) da Berkeley da San Diego da Irvine, suna gudanar da kwasa-kwasai a kan wannan aiki, mafi yawansu kuma ta intanet ake yi. Ana koyar da tsarin neman gurbi, da tallafin kuɗin karatu, da jarrabawoyin shiga, da yadda ake taimaka wa ɗalibi ya rubuta bayanin kansa ba tare da an rubuta masa ba. Kafin mutum ya biya kuɗi, wanda da dala ake biya kuma ba kaɗan ba ne, ya duba jerin darussan ya tabbatar da abu biyu. Na farko, ko akwai darasi na musamman a kan ɗaliban ƙasashen waje, domin yawancin abin da ake koyarwa game da tallafin gwamnatin tarayya ta hanyar fom ɗin FAFSA bai shafi ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ba, wanda shi tallafin ita kanta jami'ar da fom ɗin CSS Profile, da wasu jami'o'i suke amfani da shi wajen neman wannan tallafi, su ne suka dame shi. Na biyu, ko akwai aikin gwaji da ɗalibai na gaske a ƙarshen kwas ɗin. A ganina, kwas ɗin da ba shi da wannan kashi bai kai kuɗinsa ba, domin sanin ranar rufe karɓar takardu abu ne da kowa zai iya karantawa, amma gaya wa uba cewa jami'ar da ya ƙwallafa rai a kanta ta fi ƙarfin sakamakon ɗansa da aljihunsa, wannan sai an zauna an yi ake iyawa.

Bayan kwas, ko ma tun ana cikinsa, sai shiga ƙungiya. Babbar cikinsu ita ce NACAC, wadda aka kafa a 1937, kuma ta haɗa ma'aikatan makarantun sakandare da jami'an karɓar ɗalibai na jami'o'i a inuwa ɗaya. Tana da reshe na masu aiki a wajen Amurka mai suna International ACAC, wanda yake yin babban taronsa kowace shekara a harabar wata jami'a. Amfanin wannan taro shi ne mutum ya zauna da waɗanda suke karanta takardun ɗalibansa, ya ji daga bakinsu yadda suke kallon sakamakon WAEC, ya kuma bayyana musu yadda makarantarsa take ba da maki. Masu zaman kansu, waɗanda iyaye suke biya kai tsaye, suna da ƙungiyar IECA da aka kafa a 1976, da kuma HECA. Cikakken ɗan IECA sai ya nuna digiri na biyu ko makamancinsa, da ƙwarewar shekara uku, da shaidar ziyartar jami'o'i da dama da ƙafarsa. Wanda bai kai ba yana iya farawa daga matakin sababbin shiga.

Shaida mafi girma a wannan ɓangare ita ce CEP, wato shaidar ƙwararren mai tsara karatu, wadda cibiyar tantance masu wannan sana'a, AICEP, take bayarwa bayan ta binciki karatun mutum da aikinsa, sannan ya zauna jarrabawa. Ba ta dindindin ba ce: duk shekara biyar sai an sabunta ta, a nuna sababbin ziyarce-ziyarce da sa'o'in ƙarin horo. Wanda bai daɗe da fara aiki ba kada ya yi gaggawar nemanta.

Dalilin wannan wa'adi a fili yake ga wanda ya bi abin da ya faru cikin 'yan shekarun nan. A 2020, saboda annobar korona, yawancin jami'o'in Amurka suka daina tilasta jarrabawar shiga ta SAT ko ACT. A 2022 jami'ar MIT ta dawo da ita, a 2024 kuma jami'o'in Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi sahu. Ita kanta SAT ta koma ta kwamfuta ga ɗaliban ƙasashen waje a Maris 2023, sannan ga na cikin Amurka bayan shekara guda. A Yuni 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta la'akari da launin fata wajen ba da gurbi, abin da ya sa jami'o'i da yawa suka sauya tambayoyin da suke yi wa masu nema. Mutumin da ya kammala kwas a 2021 bai sake leƙa komai ba, yau zai iya hana yaro rubuta jarrabawar da ita ce sharaɗin shiga jami'ar da yake so. Saboda haka ƙarin horo ba sai an jira babban taro ba. Mutum ya riƙa halartar zaman bita na intanet da ƙungiyoyin nan suke shiryawa, ya karanta shafin karɓar ɗalibai na kowace jami'a da kansa a farkon kowane zango, musamman da yake manhajar Common App, wadda ake neman gurbi a jami'o'i da dama ta cikinta, tana buɗe sabuwar shekara ranar 1 ga Agusta. Cibiyoyin ba da shawara kan karatu a Amurka na EducationUSA, waɗanda suke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka kuma suna da ofis a Abuja da Legas, suna ba da bayani na hukuma, kuma ya kyautu a ƙulla hulɗa da su. Wanda ɗalibansa suke neman Ingila ma, hukumar British Council tana da horon intanet na masu ba da shawara da ejan-ejan.

Batun ejan yana buƙatar a tsaya a kansa. Dokar Amurka ta hana jami'o'i biyan kamasho a kan kowane ɗalibin cikin gida da aka kawo musu, amma ba ta hana a kan ɗaliban waje ba, shi ya sa dillalan karatu suka yi yawa a ƙasashenmu. Dillanci ba laifi ba ne in an bayyana shi, amma ba shi ne ba da shawara ba, kuma 'yan IECA ba sa karɓar kuɗi daga makarantar da suka tura ɗalibi. Wanda yake karɓa ya gaya wa iyaye tun kafin a fara magana. Badaƙalar da ta ɓulla a Maris 2019, inda wani mai zaman kansa, Rick Singer, ya riƙa ba da cin hanci da shirya maguɗin jarrabawa don shigar da 'ya'yan masu kuɗi manyan jami'o'i, ta nuna cewa babu hukumar da take tantance mai zaman kansa kafin ya buɗe ofis. Ita ma NACAC, bayan binciken da Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta yi mata, wanda ya ƙare a 2019, ta mayar da kundin ɗa'arta ya zama jagora maimakon doka mai hukunci. Ya kamata a karanta wannan kundi duk da haka, a kuma ba iyaye yarjejeniya a rubuce wadda ta fayyace cewa ba a yi musu alkawarin gurbi ko biza ba.

Tun daga ranar farko mutum ya buɗe kundin ajiya, ya riƙa rubuta sunan kowane horo da ya halarta, da ranarsa, da sa'o'insa, da wanda ya shirya shi, ya kuma adana takardar halarta. Kowace jami'a da ya ziyarta ya rubuta abin da ya gani da wanda ya tattauna da shi, haka nan yawan ɗaliban da ya taimaka wa da inda suka samu gurbi, ba tare da bayyana sirrinsu ba. Waɗannan bayanai su ne IECA da AICEP za su nema a lokacin shiga da lokacin sabuntawa, kuma tattara su bayan shekara biyar daga ƙwaƙwalwa ba ya yiwuwa.