Yadda Manomi Zai Sa Saiwar Wake da Waken Suya Su Ƙara wa Gonarsa Naitirojin

Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da manomi ke biyan kuɗi mai yawa a kansa duk lokacin da ya sayi buhun yuriya, amma gero da dawa da masara ba su iya ɗaukarsa daga iska. Wake da gyaɗa da waken suya kuwa suna samunsa ta hanyar wasu ƙwayoyin bakteriya masu suna raizobiyam, waɗanda ke shiga saiwa su haifar da ƙananan ƙullutai, shukar tana ba su abinci, su kuma suna sarrafa mata naitirojin.

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa ƙwayoyin suna nan. Wake da gyaɗa galibi suna tarar da nasu a ƙasarmu, amma waken suya da ake nomawa a yankunan Tsafe da Gusau ya fi amfana idan an cuɗa irinsa da garin ƙwayoyin, kamar NoduMax da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ke sarrafawa, musamman a gonar da ba a taɓa noma shi ba. Ana ɗan jiƙa irin da ruwan ƙaro ko na sukari, a barbaɗa garin, a juya a inuwa har kowace ƙwayar iri ta samu, sannan a shuka a ranar cikin ƙasa mai laima, domin rana da zafi suna kashe ƙwayoyin.

Sai batun taki, inda manoma da yawa ke yin kuskure. Abin da waɗannan amfanin gona suke buƙata shi ne takin supa, saboda fosfarus ɗin da ke cikinsa yana taimaka wa saiwa da ƙullutai. Idan aka zuba musu yuriya da yawa, shukar za ta rage yin ƙullutai tunda ta samu abinci a ɓagas, an yi asarar kuɗi ke nan. A kuma guji wurin da ruwa ke kwanciya.

Bayan mako biyar zuwa shida da shuka, manomi ya haƙo tushe kaɗan da fartanya daga sassa daban-daban na gonar, kada ya fizge da hannu don ƙullutan suna tsinkewa su tsaya a ƙasa. Ya wanke saiwar, ya tsaga ƙullutu ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne kamar tsokar nama, aiki na tafiya. Idan fari ne ko kore, ko dai bai fara ba ko ya daina. Ƙullutun kirki yana manne ne a gefen saiwa, ana iya ɓalle shi da yatsa, saɓanin kumburin da tsutsar ƙasa ke jawowa, wanda jikin saiwar ne da kansa ya kumbura.

Bayan girbi a bar saiwa a cikin ƙasa. Gaskiyar magana, mafi yawan naitirojin yana fita ne tare da ƙwaya da harawa, don haka wanda ya kwashe harawa ya ba dabbobinsa ya kamata ya mayar da takinsu gonar kafin damina ta gaba, sannan ya shuka dawa ko masara a wurin.