Yadda za a riƙe ikilisiya ɗaya duk da bambancin jam'iyya da yare

Coci a cikin garin Katsina ba irin na ƙauyukan Malumfashi ko Kafur ba ne inda kusan kowa Bahaushe ne kuma dangin juna. Nan benci ɗaya za ka ga Bahaushe, ga Ibo mai shago, ga mutumin Zuru, ga ɗan kudancin Kaduna da aiki ya kawo shi. Zaɓen 2023 ya gwada mu, wannan Obi wancan Atiku wani kuma APC duk da tikitin Musulmi da Musulmi, har wasu suka daina gaisawa bayan an tashi sujada. To ga 2027 na tafe.

Ku fara da bagadi. Dattawa su zauna da Baba Fasto tun yanzu a rubuta cewa ba a ambaton ɗan takara a wa'azi ko a sanarwa. Ɗan siyasa in ya zo shi zauna kamar kowa, in ya kawo gudummawa ta shiga littafin ma'aji a karanta, amma ba a ba shi makirfo. Guruf ɗin WhatsApp kuma na addu'a da sanarwa ne, a sa admin biyu waɗanda ra'ayinsu ba ɗaya ba, duk wanda ya turo fostar siyasa a goge sannan a kira shi a waya, kar a kunyata shi gaban jama'a.

Amma gaskiya inda rigimar ta ke kwance shi ne kuɗi da muƙami. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci sun yi gunaguni ana tsallake gwaurayen matansu wurin rabon abinci, manzanni ba su ce masu ku yi haƙuri ai duk ɗaya muke ba, cewa suka yi a zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, kuma duk bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, su Istifanas da Filibus. Haka za ku yi, ɓangaren da ke ƙorafi shi za a sa cikin masu ƙirga baiko da kwamitin taimako. In fasto, ma'aji da magatakarda duk 'yan gari ɗaya ne, ko sun fi kowa gaskiya sai an yi zargi.

Sujadar Hausa da ta Turanci kar su koma coci biyu a gini ɗaya. Ko sau ɗaya a wata a haɗe, a sa tafinta mai kyau, a ci jibin Ubangiji tare, zumuntar mata su yi waƙa da yaren da ba nasu ba ko da za a yi dariya.

Waje kuma akwai CAN, wato Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, tun 1976, amma kar a bar wa shugabanni zumuncin. In an yi rasuwa a cocin ECWA, 'yan Katolika da Angilikan su je ta'aziyya, dattawa su fitar da wanda zai riƙa sanar da sauran coci-coci da zarar abu ya faru.