Cin fim tun bai nuna ba: kurakuran da muka fi yi

Na gaji da ganin abu guda yana maimaita kansa a fadarmu nan Yamai. Da zarar an sanar da wani babban fim na ƙagaggen labarin kimiyya, sai samari su faɗa cikin ɓarnar da mu ma muka yi shekarun baya, kamar wanda aka rubuta masu. Yanzu ma ga ta nan: an tsayar da 18 ga Disamba 2026 don fitowar kashi na uku na Dune a Amurka, wayoyi kuwa har sun fara ɗaukar zafi. Shekaranjiya da dare, ana cikin zagaye na biyu na shayi, wani ɗalibin jami'a ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, dubi abin da aka ce zai faru a ƙarshe." Na sa tafin hannu na rufe allon. Ya ɗauka raini ne. Don shi da ire-irensa nake wannan rubutu.

Babban kuskure, wanda ya fi kowane cin mutane, shi ne kallon duk wata talla da aka saki.

Ku fahimci yadda abin yake tafiya. Ba talla guda ake yi wa babban fim ba. Da fari akan saki ƴar gajeruwa, mai nuna yanayi kawai: rairayi, jirgi a sararin samaniya, fuskar jarumi, kiɗa mai nauyi. Bayan wasu watanni a saki cikakkiya, ta minti biyu zuwa uku. Sai ta biyu, sai wadda ake kira ta ƙarshe, sai kuma gutsattsarin daƙiƙa 15 ko 30 na talabijin da ake watsawa kamar ƙanƙara idan ranar ta matso. Ga kuma tallar da ake yi wa ƙasashen waje, irin wadda ke iso mana da Faransanci, wadda sau da yawa yankanta daban ne, da hotunan da babu su a ta Amurka. Kowace cikinsu dole ta nuna abin da ta baya ba ta nuna ba, in ba haka ba wa zai kalle ta? Ka tara su duka, ka ga kusan duk wani wuri mai daɗi a fim ɗin.

Kuma yawanci ba mai ba da umarni ke yanka tallar ba. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, kuma aikinsu shi ne su jawo mutumin da bai damu da fim ɗin ba, wanda sai an nuna masa naman kafin ya sayi miya. Kai da ka riga ka yanke shawarar kallo, ba don kai aka yi ta ba. A 2015, tallar Terminator Genisys ta fallasa babban sirrin da ke tsakiyar fim ɗin, har mai ba da umarnin, Alan Taylor, ya fito fili ya ce shi ya ɗauki wuraren ne da nufin kada kowa ya sani sai a zauren sinima. In wanda ya yi fim bai iya kare sirrinsa daga talla ba, kai ne za ka kare kanka.

Ni wannan kuskure ya ci ni a kashi na biyu na Dune, kuma har yau in na tuna raina na ɓaci. An so fitar da shi a Nuwamba 2023, yajin aikin marubuta da ƴan wasa a Hollywood ya sa aka ɗaga zuwa 1 ga Maris 2024. Wannan dogon jira shi ya kai ni ya baro. Tallar farko da aka saki a Mayu 2023, wadda ke nuna hawan ƙatuwar tsutsar rairayi, na kalle ta ya fi a ƙirga. Ina kwance na kalla, ina jiran kabu-kabu na kalla. Daga nan na koma wurin masu fashin baƙi a YouTube, waɗanda ke tsayar da talla hoto bayan hoto, su zana jan da'ira, su ce maka wannan inuwar ta wane ce, wancan zoben ga ma'anarsa a littafi. Kuɗin intanet da na ƙona a kan wannan sun isa buhun shinkafa.

Bayan ƙaramar salla, da fim ɗin ya fito don kallon gida, wani abokinmu mai majigi ya tara mu a tsakar gidansu. Zafin watan Afrilu, kun san shi. Muka ɗaura farin zane a bango, aka yayyafa ruwa a ƙasa, aka shimfiɗa tabarmi, aka ja injin wuta can bayan gida saboda ƙara. Da aka iso wurin hawan tsutsar, mutumin da ke kusa da ni, wanda ko talla ɗaya bai taɓa gani ba, ya miƙe kan gwiwoyinsa bai sani ba, kofin shayi a hannunsa ya karkace yana zuba a tabarma, yana cewa "Kai! Kai!" Ni kuwa ina zaune kamar an dasa ni. Na san daga ina ƙurar za ta taso, na san inda ƙugiyar za ta kama. Abin da na jira shekara biyu da rabi, tun kashi na farko a 2021, na riga na tsintsinke shi ɗanye a kan allon waya mai faɗin tafin hannu. Wannan ihu da ya yi, nawa ne ya kamata ya zama, kuma ba ya dawowa. Kallo na biyu yana da daɗinsa, amma na farko sau ɗaya ne a rayuwa.

Ga abin da nake yi tun daga ranar. Ba fatawa ba ce, al'adata ce. Gajeruwar tallar farko nake kallo, sau ɗaya, in rufe. Daga nan duk bidiyon da YouTube ta kawo mini mai sunan fim ɗin, sai in danna cewa ba na sha'awa, in kuma share tarihin kallona, domin na'urar tana kawo maka irin abin da ka taɓa ne, kuma hoton da ke fuskar bidiyo kaɗai ya isa ya gama da kai ko ba ka buɗe ba. A X ina toshe sunan fim da sunayen jarumansa a jerin kalmomin da ba na so in gani. A Facebook, shafukan finafinai nakan kwantar da su kwana 30, in wa'adin ya cika in sake. In a zauren sinima ne aka sako tallar kafin wani fim, ina sunkuyar da kai in toshe kunnuwa. A yi dariya, ba komai.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don na farko kanka ka cuta, wannan kuwa wani ka cuta. Baki.

A Afrilun 2019 na samu kallon Avengers: Endgame tun kwanakin farko. Na fito jikina na rawa, ban yi wata-wata ba na ɗora hoto a status na WhatsApp, da jimla guda a ƙarƙashinsa. Jimla guda tak. Ina da ƙane a Tawa, ɗan ƙanwar mahaifiyata, yana sakandare lokacin. Yaron nan ya bi jerin finafinan su Avengers ɗaya bayan ɗaya, a memori, a ƴar wayar da gilashinta ya tsage. Ya yi wata da watanni yana tara dala-dala don ya biyo mota, fiye da kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, ya zo Yamai mu kalla tare a hutu. Ba a yi minti goma ba ya kira. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, me na yi maka?" Na goge status ɗin yana kan layi, amma magana zarar bunu ce. Bai zo wannan hutun ba. Ya ce in ya riga ya san wanda zai mutu, gara ya ba inna kuɗin motar.

To, ku da kuke ɗora hoton ƙarshen fim a status, ku da kuke shiga zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu ku rubuta "wayyo, ban zaci wane zai ci amana ba", me kuke nema? A san kun riga kowa? An sani. Sai me? Wanda ka ɓata wa bai ga gwaninta ba, rowar haƙuri ya gani. Kuma kada wani ya ce mini ai ya rubuta gargaɗi a sama. Gargaɗin da ke layi ɗaya da sirrin, ido na ɗauke su tare. Sanarwar da ke faɗowa a saman allo ma ba ta tambayar izini.

Akwai masu kafa hujja da cewa mako biyu sun wuce, don haka bakin kowa ya buɗe. Irin wannan ƙa'ida muka gani wurin ƴan'uwan nan Russo, masu ba da umarnin Endgame, waɗanda suka rubuta wasiƙa suna roƙon a riƙe sirri, daga baya suka ce daga Litinin 6 ga Mayu 2019 an ɗage takunkumi. Wannan lissafin mutanen da ke da sinima a kowace unguwa ne. A Faransa fim na fita ran Laraba, a Amurka ran Juma'a, kowa ya je a ƙarshen mako. Mu fa? Wanda ke Tawa ko Abalak ko Keita, sai ya jira watanni kafin kwafi mai kyau ya iso hannunsa. Ni wata uku nake ba fim, kuma ko bayan wata ukun ba na buɗe baki sai na tambaya, "Akwai wanda bai gani ba?" In mutum ɗaya ya ɗaga hannu, an rufe zancen, a koma ƙwallo. Waɗanda suka gani mukan buɗe namu ƙaramin zauren daban, mu baje kolinmu a can. Status kuwa na haramta wa kaina har abada.

Su ma masu karatun littafi ina da magana da su, don da Dune za su fi kowa ɓarna. Frank Herbert ya fitar da littafin farko a 1965, na biyu kuma, Dune Messiah, wanda mai ba da umarni Denis Villeneuve ya ɗauko wannan sabon fim daga cikinsa, a 1969. Sai ka ji mutum ya ce, "Labarin da ya girmi babanka, wane sirri ya rage?" Malam, tsufan labari bai sa kowa ya san shi ba. Tatsuniyar Gizo ta fi 1969 tsufa, amma ba ka taɓa jin kaka ta fara da ƙurunƙus ba. Mutum nawa a fadarku suka karanta littafin nan, da Turanci ko Faransanci? In ka karanta, Allah ya ƙara basira, ka riƙe abinka. Ka ma sani Villeneuve ya sauya abubuwa a ƙarshen kashi na biyu, saboda haka abin da kake taƙama da shi yana iya zama ba haka zai zo ba.

Wani kuma zai jawo maka binciken da Nicholas Christenfeld da Jonathan Leavitt suka yi a jami'ar California da ke San Diego a 2011, inda suka ga cewa waɗanda aka faɗa wa ƙarshen labari sun ɗan fi jin daɗin karatunsa. Gaskiya ne an yi shi. Amma gajerun labarai 12 aka ba ɗalibai, labaran da ba su kwana suna jira ba. Mu ma nan mun san daɗin sanannen labari, ai mun ga iyayenmu mata suna kallon fim ɗin Indiya guda sau bakwai suna hawaye a wuri ɗaya. Sai dai su suka zaɓa. In kana son a faɗa maka, je ka nema. Kada ka zaɓa wa wani.

Sauran ƙanana ne, zan bi ta kansu da sauri. Kada ka yanke wa fim hukunci daga talla, ko yabo ko suka, hangen Dala ba shiga birni ba ne: tallar fim ɗin Avengers: Infinity War ta nuna jarumi Hulk yana gudu cikin rundunar Wakanda, aka je kallo babu wannan hoton sam. Tallar da ka gani a tashar da ba ta kamfanin fim ba, mai fuskoki sumul kamar an goge da man shanu, ta bogi ce, da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa ta, daina turo mana. Kada ka karanta sunayen kiɗe-kiɗen fim kafin kallo: a 1999 faifan kiɗan Star Wars ya fito mako biyu kafin fim ɗin, sunan kiɗa ɗaya ya sanar da mutuwar babban jarumi. Hotunan kayan wasan yara ma haka suke tona asiri. Sharhin da ke ƙarƙashin bidiyo, kada ka leƙa. Kwafin da aka ɗauka da waya a cikin zaure, mai inuwar kawuna da tarin mutane, ba kallo ba ne, kuma fim irin Dune da aka je har Wadi Rum ta Jodan da saharar Abu Dhabi don ɗaukar rairayinsa ya fi ƙarfin wannan wulaƙanci. Mu da muka san yadda hasken hantsi ke kwanciya a kan tudun rairayi, mu ya kamata mu fi kowa ƙin yarda.

Sai mutumin da ya riga ya kalla, ya zo ya zauna kusa da kai a kallonka na farko. Shi a ganinsa bai faɗi komai ba. Amma zai zungure ka da gwiwar hannu ya ce "yanzu ka duba", zai ja numfashi kafin abin ya faru, zai juyo yana kallon fuskarka maimakon allo. Wannan ma tonon asiri ne. A wurinmu mun samo masa magani: duk wanda ya taɓa gani, bayan tabarma yake zama, kusa da murhun gawayi, a danƙa masa buta da mafici. Zagaye uku na shayi sukan kai shi har rabin fim, in ya gama kuma akwai wankin kofuna.