Shirye-shiryen bazara a ƙananan makarantun kuɗi: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, ƙananan makarantun kuɗi a Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya da sauran garuruwan Arewa sukan cika jadawalinsu da shirye-shirye: gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai (wato rukunan da makaranta ke raba ɗalibanta, kowanne da launinsa), yawon buɗe ido, ranar al'adu, taron iyaye da malamai, sannan bikin Ranar Yara ta 27 ga Mayu. Makarantar da ɗalibanta ba su wuce ɗari biyu ba tana da wata dama da manyan makarantu ba su da ita, domin shugabanta ya san kusan kowane uba da kowace uwa da suna, ya san unguwarsu da sana'arsu. Abin takaici shi ne, yawancin irin waɗannan makarantu sukan bar wannan dama, su kwaikwayi tsarin manyan makarantu masu motoci da faffadan fili, daga baya kuma su yi ta mamakin dalilin da ya sa iyaye ba sa zuwa.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne raina zafin bazara. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a Kano, yakan ma wuce haka a Sakkwato da Maiduguri, kuma hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da gargaɗi a kan hakan. Duk da haka za ka ga an rubuta a takardar gayyata cewa za a fara gasa da ƙarfe tara, amma a jera yara a fili tun ƙarfe takwas ana jiran babban baƙo, wanda ba zai iso ba sai sha ɗaya. Manyan baƙi suna ƙarƙashin rumfa da ruwan sanyi a gabansu, yaro ɗan shekara shida kuma yana tsaye a rana cikin rigar leda mai launin gidansu, yana riƙe da tuta, sai an gama jawabai sannan a ce ya fito tseren mita ɗari da tsakar rana. Gyaran wannan ba ya cin kuɗi. A fara da ƙarfe bakwai, a gama duk wani gudu da tsalle kafin goma da rabi, a mayar da jawabai ƙarshe, kuma idan baƙo ya makara a ci gaba ba tare da shi ba. Rumfa ta farko da za a kafa ta yara ce. A tanadi ruwan sha a randa ko a kula wanda kowane yaro zai iya kaiwa ba sai ya nemi izini ba, sannan a sa malami ɗaya wanda ba shi da wani aiki a ranar sai lura da yaran da suka fara jiri, ciwon kai ko amai. Yaron da ya nuna waɗannan alamu a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa jiki da ruwa ana yi masa fifita; idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan gishiri da sukari, wato cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan ya fara sambatu ko ya suma, asibiti za a nufa nan take, a kira iyayensa a hanya.

Akwai kuma sanƙarau, wanda lokacinsa ke nan. A shekarar 2017 cutar ta kashe sama da mutum dubu ɗaya a Najeriya, kuma Zamfara, Sakkwato da Katsina suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Cusa yara da iyaye a ɗaki ɗaya mai ƙananan tagogi don taron rabon kyaututtuka ba dabara ba ce a wannan yanayi. Taron iyaye dama ce ta tambayarsu ko an yi wa yaransu rigakafi, a kuma gayyato ma'aikaciyar lafiya daga asibitin unguwa ta yi bayani na minti goma a kan zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya.

Kuskure na biyu, wanda a ganina shi ne tushen sanyin jikin iyaye, shi ne ba a tuna da su sai an zo maganar kuɗi. Takarda za ta zo gida ranar Litinin cewa kowane yaro ya kawo kuɗin riga, kuɗin wasanni da kuɗin mota kafin Juma'a. Uban da ke da yara huɗu a makarantar, wanda bai gama biyan kuɗin zango ba, ba zai ce komai ba, amma zai hana yaransa zuwa a ranar, ko ya biya yana jin an yi masa dole. Tun da safe ake kama fara: a farkon zango ya kamata a zauna da iyaye, a shimfiɗa musu duk abin da ake son yi da abin da zai ci, a bar su su rage ko su sauya. Idan an gama, a liƙa lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a allon sanarwa. Maimakon ɗinka sabuwar riga kowace shekara, ƙyalle mai launi da za a ɗaura a damtse ya isa ya raba gida da gida. Maraya da ɗan wanda ba shi da hali kuma a shigar da su cikin sirri, kada a karanta sunayen waɗanda ba su biya ba a gaban 'yan ajinsu, domin yaro ba ya manta irin wannan kunya.

Gudummawar iyaye ba ta tsaya ga naira ba, kuma nan ne ƙaramar makaranta ta fi kowa riba idan ta buɗe ido. A cikin iyayen akwai tela, akwai kafinta, akwai direba, akwai malamar asibiti, akwai uwar da ke yin zoɓo da kunun aya na sayarwa. Maimakon a ba ɗan kwangila abincin taro, a ba iyaye mata su yi, su ci ribarsu. A ranar al'adu, maimakon a yi hayar kayan sawa masu tsada don a ɗauki hoto, a gayyato kaka ta yi wa yara tatsuniya, a sa wata uwa ta koya wa 'yan mata gaɗa da carafke, wani dattijo ya nuna wa maza langa da dara. Uban da aka ce masa, "Malam, muna son ka nuna wa yara yadda ake saƙa tabarma," yakan zo da wuri, ya kuma zo da maƙwabcinsa.

Yadda ake isar da saƙo ma yana korar mutane. Ana rubuta sanarwa da Turanci, ana gudanar da taron iyaye da malamai (PTA) da Turanci, alhali yawancin mahalarta sun fi sakewa da Hausa, don haka mutum uku ne za su yi ta magana sauran su yi shiru. Saƙon murya da Hausa a zauren WhatsApp na iyaye ya fi takarda isa, wanda ba ya zauren kuma a kira shi. Sannan a lura cewa iyaye mata su ne ke shirya yaro da safe, su ke duba jakarsa, amma su ne aka fi mantawa da su wajen sa lokaci. Taron da aka sa ranar Asabar bayan la'asar yakan ci karo da biki ko suna, na safe kuma da Islamiyya ta matan aure. A tambaye su lokacin da ya fi musu sauƙi, a ware musu wurin zama, a kuma sa malama mace ta jagoranci zamansu idan hakan zai sa su faɗi abin da ke ransu.

Game da jadawali, a duba kalandar Musulunci kafin a tsayar da rana. Azumin 2024 da na 2025 duk sun faɗo a Maris, kuma a 2025 jihohin Kano, Katsina, Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu a watan. Makarantar da ke da sashen sakandare kuma ta tuna cewa jarrabawar WAEC takan fara a ƙarshen Afrilu ko a Mayu. Dashen itatuwa a Afrilu asarar tsiro ce in ba akwai mai ban ruwa kullum ba. A jira damina ta kankama, a ba kowane gida darbejiya ko mangwaro ɗaya ya kula da shi.

Yawon buɗe ido shi ne inda sakaci ya fi saurin zama musiba. Ana hayar bas ɗaya a cusa yara fiye da kujerunta, malami ɗaya na kula da yara arba'in, ba a karɓi izinin iyaye a rubuce ba, ba a ɗauki lambobin wayarsu ba. Ba sai an yi nisa ba kafin yaro ya ƙaru: ɗan Kano zai koyi abubuwa da yawa a Gidan Makama ko marinar Ƙofar Mata, ɗan Katsina a hasumiyar Gobarau, ɗan Kaduna a Gidan Arewa. A raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya ta yara goma da babba ɗaya, malami ko ɗaya daga cikin iyaye. A ƙirga su kafin a tashi, a ƙirga da aka isa, a sake ƙirgawa kafin mota ta juyo, kuma duk inda akwai ruwa mai zurfi, kamar madatsar Tiga, kada a kai ƙananan yara bakinsa. A sanar da iyaye lokacin dawowa tun da wuri, idan kuma an samu jinkiri a hanya a tura musu saƙo kafin su fara taruwa a ƙofar makaranta.